Amosanin idon sawu: matakan da muke bi tun daga ranar farko har zuwa haɗe gaɓa

Duk wanda ya zo sashen ƙashi da ciwon idon sawu, tambayar da nake fara yi masa ita ce ko ya taɓa karyewa ko gocewa a wannan ƙafa. Yawanci amsar e ce, sai dai an daɗe. Wani babur ne ya kayar da shi, wani a filin ƙwallo ya samu, wata a banɗaki ta zame. An je wurin mai ɗori, an ɗaure da kara, an warke, an ci gaba da harka, sai bayan shekara biyar ko goma ƙafa ta fara tsami da yamma, da safe kuma ta ƙage. Dalilin tambayar shi ne amosanin gwiwa da na ƙugu galibi shekaru da nauyin jiki ke kawo su, amma na idon sawu kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari daga tsohon rauni yake tasowa, ko dai karayar da ba ta zauna daidai ba, ko targaɗen da aka yi ta maimaitawa har jijiyoyin da ke riƙe gaɓar suka saki. Shi ya sa da yawa daga cikin masu shi 'yan shekara talatin da arba'in ne, masu iyali a wuya, waɗanda abincinsu yana ga ƙafarsu.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: babban ƙashin ƙwauri, da siririn da ke gefensa ta waje, da wani dunƙulallen ƙashi da ke zaune a tsakaninsu bisa ƙashin diddige, wanda likitoci ke kira talus. Guringuntsin da ya lulluɓe su kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma idan mutum yana tafiya nauyin da ke sauka a kansa yakan kai ninki biyar na nauyin jiki. Muddin komai yana zaune a gurbinsa, yana ɗaukar wannan nauyi har tsufa. Amma a 1976 wasu likitoci biyu, Ramsey da Hamilton, sun auna suka ga idan talus ya gusa gefe da milimita 1 kacal, filin da ƙasusuwan ke haɗuwa yakan ragu da kashi 42 cikin ɗari. Nauyi ya taru ke nan a ɗan ƙaramin wuri, sai guringuntsi ya riƙa cinyewa ta gefe guda kamar tayar motar da saitinta ya goce. Hannun mai ɗori, komai gwanintarsa, ba ya jin gocewar milimita ɗaya. Don haka ina roƙon duk wanda ya karye a idon sawu ya yi hoto kafin ɗori da kuma bayansa.

A ranar farko muna sa mutum ya cire takalmi ya naɗe wando har gwiwa, ya yi tafiya muna kallo. Sai ya tsaya mu duba shi ta baya, mu ga ko diddige ya karkata ciki ko waje. Muna lanƙwasa ƙafar sama da ƙasa: lafiyayya tana ɗagawa kamar digiri 20, tana sauka kamar 50, mai amosani kuwa ɗagawar ce ke fara tafiya. Muna murza diddige hagu da dama don gwada gaɓar da ke ƙarƙashin talus, domin sau da yawa ita ma ta taɓu, kuma hakan yana canza aikin da za a yi. Muna laluben bugun jini a bayan ƙafa da bayan ƙullutun ciki, mu gwada ko yana jin taɓi a tafin ƙafa, mu duba tabo da tsohon gyambo. Hoton ƙashi kuma a tsaye ake ɗaukarsa, mutum ya taka ƙafar da nauyinsa, ta gaba da ta gefe da kuma wanda ake ɗan juya ƙafar ciki. Hoton da aka ɗauka a kwance yana ruɗi, sai a ga sarari a tsakanin ƙasusuwa alhali da an taka sararin zai rufe.

Ba kowane kumburi ne na tsohon rauni ba. Gaɓar da ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi jau, ga zazzaɓi, ana ɗaukarta a matsayin wadda ƙwayar cuta ta shiga har sai an zuƙi ruwanta an gwada, kuma wannan ba ya jiran gobe. Tarin fuka ma yana kama gaɓa a hankali, da rama da gumin dare. Idan gaɓoɓin hannu biyu ma suna kumbura suna ƙagewa da safe fiye da awa guda, amosanin garkuwar jiki ne muke zargi, maganinsa daban. Akwai gawut, wato amosanin da taruwar wani gishirin jini a cikin gaɓa ke kawowa, akwai sikila, akwai kuma mai ciwon suga da ƙafarsa ta kumbura ta karkace amma ba ya jin zafin da ya kai girman ɓarnar, saboda jijiyoyin ji sun mutu. Gwajin jini ne ke rarrabe waɗannan.

Idan ya tabbata amosani ne, ba da tiyata ake farawa ba. Muna ba da wata uku zuwa shida a gwada abin da ba ya buƙatar wuƙa, kuma a cikinsu takalmi ne ya fi ba mutane mamaki. Silifas da fade suna barin gaɓar ta yi ta lanƙwasa a kowane taku. Abin da ake so shi ne takalmi rufaffe mai igiya, ƙasansa mai tauri wanda ba ya lanƙwasuwa a hannu, kuma a gantsare ta gaba da ta baya yadda ƙafa za ta mirgina a kai. Mai gyaran takalmi na kasuwa zai iya yi: ya ƙara roba mai kaurin santimita 1 zuwa 1.5, ya goge gabanta tun daga ɗan bayan tushen yatsu, ya ɗan goge ƙarshen diddige. Sai a ƙara wa ɗaya takalmin kauri daidai da haka, in ba haka ba ƙugu da baya za su fara ciwo. Wanda wannan bai ishe shi ba ana yi masa abin riƙe ƙafa na fata ko roba mai tauri a sashen ƙera ƙafafun roba. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ciwo a dama sanda a hagu, kuma kusan kowa da akasin haka yake zuwa. Masu gashin ƙashi suna koyar da miƙe agara a jikin bango, daƙiƙa 30 sau uku safe da yamma, da ɗaga diddige a tsaye, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Keke ya fi doguwar tafiya. Mai ƙiba kuma duk kilo ɗaya da ya rage, kusan biyar ya sauke wa gaɓar a kowane taku.

Magani kuwa muna fara da na shafawa, diklofenak sau uku ko huɗu a rana, domin gaɓar tana kusa da fata. Farasitamol giram 1 a lokaci guda, kada ya wuce giram 4 a yini. Idan ciwo ya tashi ana iya shan ibufurofen miligiram 400 sau uku, ko nafuroksen 250 zuwa 500 sau biyu, bayan an ci abinci, na kwana goma zuwa sati biyu, tare da omefurazol miligiram 20 don kare ciki. Ba a haɗa biyu daga cikin wannan dangi na su ibufurofen da nafuroksen. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. A nan ne raina ya fi ɓaci, domin mutane da yawa suna zuwa bayan sun shekara suna shan haɗin kemis kullum, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, a ciki akwai masu kashe zafi iri biyu da deksametason, wani lokaci har da taramol. Fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi laushi, ƙoda ta fara gazawa, gaɓar kuma tana nan yadda take. Tsoron tiyata ne ke kai su ga haka, kuma ɓarnar da hakan ke yi ta fi ta tiyatar nesa ba kusa ba.

Mataki na gaba allurar cikin gaɓa ce. Ana wanke fata kamar za a yi tiyata, a lalubi jijiyar da ke miƙewa a gaban idon sawu idan an ɗaga ƙafa, a shiga ta gefenta na ciki, a zuba maganin rage kumburi, tirayamsinolon ko metilfurednisolon miligiram 40, gauraye da ruwan kashe zafi na lidokain. Minti goma bayan haka muna sa mutum ya tashi ya yi tafiya. Idan ciwo ya ɗauke, mun tabbatar daga wannan gaɓar yake. Idan rabi ne ya tafi, akwai wata gaɓar da ke da hannu. Sauƙin yakan yi 'yan makonni zuwa wata uku. Ba a wuce uku ko huɗu a shekara, ba a yi wa gaɓar da ake zargin cuta a cikinta, ba a kuma yi idan tiyata ta rage ƙasa da wata uku. Mai ciwon suga ya sa ido, sugansa zai hau na 'yan kwanaki. Akwai allurar da ake tace jinin mutum a mayar masa cikin gaɓa, mai tsada. An gwada ta a Holan a kan mutum 100 masu amosanin idon sawu, aka buga sakamakon a 2021, kuma ba ta fi allurar ruwan gishiri marar magani da aka kwatanta ta da ita ba. Ba na ba kowa shawarar ya kashe kuɗinsa a kanta.

Tiyata iri-iri ce. Wanda tsiron ƙashi ne kawai ke tokare masa gaba, guringuntsi kuma da saura, ana shiga da kyamara ta ƙananan huda biyu a kankare tsiron. Wanda ƙwaurinsa ya warke a karkace kuma rabin gaɓar na da kyau, ana yanka ƙashin a saman idon sawu a miƙe shi don nauyi ya koma ɓangaren lafiya. Waɗannan na waɗanda suka zo da wuri ne, kuma ba su da yawa. Mafi yawa sai ƙashi ya riga ya hau ƙashi suke zuwa, ciwo yana hana barci, tafiyar masallacin unguwa ta gagara. A wannan mataki abu biyu ya rage: a haɗe gaɓar, ko a canza ta da ta ƙarfe.

Haɗe gaɓa shi ne aikin da aka fi yi a ƙasar nan, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, da na Igbobi a Legas da na Enugu, da asibitocin koyarwa. Ma'anarsa a kankare ragowar guringuntsin, a matse ƙwauri da talus su warke su zama ƙashi ɗaya, yadda karaya ke warkewa. Inda babu motsi babu gogayya, ciwo sai ya tafi. Da an faɗi haka sai ka ji, "Likita, ke nan gurgu zan zama?" Amsar da nake bayarwa ita ce: Malam, gaɓar nan da kake tsoron a tsayar, ai ta riga ta kusa tsayawa da kanta, ɗan motsin da ya rage mata shi ne ke ba ka azaba. Sauran gaɓoɓin tsakiyar ƙafa da na ƙarƙashin talus suna nan suna motsi, kuma mutane da yawa bayan aikin, idan suna sanye da takalmi, ba a gane ƙafar da aka yi wa.

Shiri ya fi ranar tiyatar muhimmanci. Mai shan sigari sai ya daina aƙalla sati shida kafin aiki, kuma ba zai koma ba har ƙashi ya haɗe. Shisha da tabar shaƙa duk hukuncinsu ɗaya, domin nikotin ke tsuke ƙananan hanyoyin jini, kuma haɗarin ƙin haɗewar ƙashi ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha sau uku zuwa huɗu. Mai ciwon suga muna son gwajin wata uku, wato HbA1c, ya sauko ƙasa da 8. Ana duba yawan jini, ƙoda, da rukunin sikila. Gyambo ko ƙuraje a ƙafar sai sun warke tukuna. Sannan a zaɓi lokaci da hankali. Manomi bayan kaka ya kamata a yi masa, don damina ta same shi a tsaye. Mai niyyar aikin Hajji ko Umara ya bar aƙalla wata shida tsakani. A gida kuma a tanadi kujerar bayan gida, domin tsuguno da ƙafa ɗaya ba zai yiwu ba, da kujerar wanka, a mayar da makwanci ƙasa idan bene ne, a samu wanda zai zauna da shi. Sandunan dogarawa tun kafin aiki ake koyonsu, har hawa da saukar dakali. Wanda bai iya su ba zai taka ƙafar ko yana so ko ba ya so.

Ranar aiki ana barin abinci awa shida, ruwa awa biyu. Galibi allurar baya ake yi, mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, wasu su ƙara da ta bayan gwiwa wadda ke kashe ƙafar har zuwa washegari. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda kafin yanka, a ɗaura abin tsayar da jini a cinya, wanda ba a barinsa ya wuce awa biyu. Idan karkacewar ba ta wuce digiri 10 zuwa 15 ba kuma akwai kayan aiki, ana iya yi da kyamara, rauni ƙarami, warkewa da sauri. In ba haka ba a buɗe ta gaba, ko ta gefen waje a yanke ƙarshen siririn ƙashin, wanda daga baya ake nika shi a cike gurbi da shi. Ana kankare guringuntsi tas har a ga ƙashi yana tsattsafo da jini, a huhhuda fuskokin biyu da siririn abin huji na milimita 2. Duk inda aka bar guringuntsi ko mataccen ƙashi, wurin ba zai haɗe ba.

Daga nan sai saita ƙafar, kuma wannan ne ke raba aiki mai kyau da marar kyau, tunda yadda aka ajiye ta haka za ta zauna har abada. Tafin ƙafa ya yi kusurwar digiri 90 da ƙwauri. Diddige ya miƙe ko ya ɗan karkata waje, kada ya wuce digiri 5. Yatsu su ɗan kalli waje da digiri 5 zuwa 10, daidai da ɗaya ƙafar. Talus kuma a ɗan tura shi baya. Idan aka bar ƙafar ta sunkuya ƙasa, mutum zai riƙa tura gwiwa baya a kowane taku, gwiwa ta yi ciwo, tushen yatsu ya yi kanta. Idan diddige ya karkata ciki, zai riƙa tafiya a gefen ƙafa, gaɓoɓin tsakiya su kulle, ta ƙarƙashi ta lalace da wuri. Idan yatsu suka kalli ciki, tuntuɓe ba ya ƙarewa. Ana riƙe saitin da siraran wayoyi, a duba a na'urar hoto ta ɗakin tiyata, sannan a sa kusoshi masu zare biyu ko uku, masu kaurin milimita 6.5 zuwa 7.3. Zaren kusar dole ya tsallake layin haɗin gaba ɗaya, in ba haka ba maimakon ta matse ƙasusuwan sai ta tokare su. Tsininta kuma kada ya leƙa cikin gaɓar ƙarƙashi. Ƙashi mai laushi ana ƙara masa ƙarfe mai faɗi ta gaba. Inda aka taɓa samun cuta a ƙashi, ba a binne ƙarfe a ciki, sai a yi amfani da zobban ƙarfe da ake kira Ilizarov, waɗanda ke riƙe ƙashin ta waje. Idan gaɓar ƙarƙashi ma ta lalace, ana zura dogon ƙarfe daga diddige har cikin ƙwauri a haɗe biyun, amma wannan ƙafar ta fi sanƙarewa sosai. Aikin yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a rufe da rabin siminti ta baya don a bar wa kumburi wuri.

Sati biyun farko na kwanciya ne. Ƙafa a kan matashi biyu ko uku, ta fi ƙirji tudu, ba a sauke ta sai za a shiga banɗaki. Fatar idon sawu siririya ce, babu tsoka a ƙarƙashinta, kuma kumburi ne ke buɗe ɗinki. 'Yan dubiya za su zo, mutum ya ji kunya ya tashi zaune ya sauke ƙafa na awa uku, washegari bandeji ya jiƙe. A karɓi gaisuwa a kwance. Waɗanda ke da haɗarin gudan jini ana yi musu allurar enoksafarin miligiram 40 kullum a fatar ciki. Likitoci da yawa suna dakatar da su ibufurofen da diklofenak a wannan lokaci saboda suna iya rage saurin haɗewar ƙashi. Abubuwan da ke sa a dawo asibiti ko da tsakar dare: zogin da ke ƙaruwa duk da magani, yatsu su yi sanyi ko su canza launi ko su mutu, wari ko ruwa daga cikin siminti, zazzaɓi, ciwo a sha-raɓa, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji. Siminti ba ya son ruwa, kuma ba a zura tsinken tsintsiya a sosa, domin ƙujewar da ba a gani ita ke zama gyambo. Salla a zaune ake yi, alwala kuma a shafa a kan ɗaurin, kamar yadda malamai suka yi bayani a babin shafa a kan ɗori.

Tsakanin kwana 14 da 21 ake cire zare a sa cikakken siminti. Daga nan har sati na shida ba a taka ƙafar ko kaɗan. Wannan ne lokacin da aiki ya fi lalacewa, domin zuwa sati na uku ko na huɗu ciwo ya tafi, sai mutum ya ɗauka ya warke. Kusoshi ne ke riƙe da shi, ƙashin bai kama ba tukuna. Kowane taku yana ɗan girgiza haɗin, jiki sai ya cike wurin da tauri irin na tabo maimakon ƙashi. A sati na shida ake hoto. Idan an ga alamar ƙashi ya fara tsallakawa, sai a koma takalmin asibiti mai tsawo ko simintin tafiya, a fara takawa da kwatan nauyin jiki, ana ƙarawa duk sati ɗaya ko biyu. Sikelin awon nauyi ne ke koya wa mutum wannan: mai kilo 80 ya danna ƙafar har allura ta nuna 20, ya riƙe yadda ya ji. A sati na goma sha biyu a sake hoto, idan ya haɗe a koma takalmi mai gantsararren ƙasa. Mai suga da mai laushin ƙashi sukan ƙara sati huɗu zuwa takwas. Kumburin yamma yana iya kaiwa shekara, safar matsi tana taimakawa.

Cikin mutum goma, kusan tara ƙashinsu yana haɗewa a karon farko. Wanda nasa ya ƙi, alamarsa ciwo da kumburi da suka ƙi tafiya bayan wata shida, a hoto a ga duhu a kewayen kusoshi ko ɗaya ta karye. Hoton siti sikan ne ke tabbatarwa. Sai a nemi dalili, taba ce, suga ne, ƙarancin bitamin D ne, ko ɓoyayyar cuta, a gyara, sannan a sake aikin da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu. Akwai kuma masu jin wani sashe na bayan ƙafa ya mutu saboda an taɓa ƙaramar jijiyar fata, da waɗanda kan kusa ke damunsu a cikin takalmi, ita kuwa ana iya cire ta bayan shekara.

Gaskiyar abin da ke biyo baya muna faɗarta tun kafin a sa hannu a takarda. Tafiya, noma, keke, tsayuwar kasuwa, duk suna dawowa. Ƙafar takan ɗan gajarta, galibi bai wuce santimita 1 ba, sha-raɓa kuma ta rame. Gudu, saukowa daga bene, gangara da tafiya cikin yashi sun fi wuya. Tsuguno sai diddige ya ɗaga, don haka masai na zama ya fi. Zaman tahiya yana canzawa, musamman idan hagu ce, tunda ba za ta shimfiɗu a zauna a kanta ba, sai a fitar da ita gefe ko a yi a kujera. Direba yana koyon taka birki da gwiwa da ƙugu, amma kada ya hau titi sai an cire siminti kuma ya iya taka birkin gaggawa ba tare da shakka ba. Mai babur da aka yi wa hagu ya nemi giyar da ake takawa gaba da baya, da yatsu da diddige. Sannan gaɓoɓin maƙwabta suna ɗaukar aikin da ba nasu ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001, wanda ya bi mutane kimanin shekara 22 bayan aikin, ya nuna yawancinsu sun samu amosani a gaɓoɓin ƙarƙashi da na tsakiyar wannan ƙafa, ko da yake gwiwa ba ta taɓu ba. Takalmi mai kyau da tsare nauyin jiki ne ke jinkirta hakan.

Wannan matsala ce ta sa aka ƙirƙiro gaɓar ƙarfe. An fara gwada ta a Faransa a 1970, na farkon suka yi ta kwancewa har aka kusa watsar da aikin. Na yanzu sun fi inganci: ƙarfe a ƙarshen ƙwauri, ƙarfe a kan talus, roba mai tauri a tsakani, kuma kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari suna kai shekara goma. A Birtaniya an kwatanta ayyukan biyu a kan mutum 303 'yan shekara 50 zuwa 85, aka fitar da sakamako a 2022. Bayan shekara guda duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, babu wani bambanci mai ƙarfi a tsakaninsu. Masu gaɓar ƙarfe sun fi samun matsalar warkewar rauni da ta jijiya, masu haɗi kuma sun fi samun gudan jini da ƙin haɗewa. Gaɓar ƙarfe ta dace da wanda ya haura shekara 55 ko 60, marar ƙiba sosai, mai aiki marar nauyi, ƙafarsa ba ta karkace da yawa ba, musamman idan ƙafa biyu ne ko maƙwabtan gaɓoɓin sun riga sun ƙage. Ba a sa wa mai cuta a ƙashi, ko wanda jijiyoyin jinsa suka mutu, ko wanda talus ɗinsa ya mutu, ko mai ƙarancin gudanar jini. Matashi mai dako ko noma ko gini, haɗi nake ba shi shawara kai tsaye, domin zai cinye robar tun yana da sauran ƙarfi, kuma cire gaɓar ƙarfe a koma haɗi aiki ne mai wuya, ƙashi ya riga ya ragu, ƙafa ta ƙara gajarta.

Ba a cika yin wannan aiki a nan ba, masu hali sukan tafi Indiya ko Masar ko Turai. Wanda zai tafi ya fara samun likitan ƙashi a gida da ya yarda zai ci gaba da duba shi, domin gaɓar ƙarfe tana son hoto duk shekara ko shekara biyu har ƙarshen rayuwa, kuma ramukan da ke fitowa a ƙashin kewayenta ba sa ciwo sai sun yi girma. Ya dawo da takardar bayanin tiyata, da sunan kamfani da samfuri da lambar girman kowane ɓangare, da hotunan kafin aiki da na bayansa. Ya tambayi likitan can nawa yake yi a shekara, da kuma inda za a samo robar idan ta buƙaci canji. Kada ya hau jirgin dawowa sai rauni ya kame an cire zare, kuma ya tambayi maganin hana gudan jini na tafiyar. Bayan ya dawo, duk wani gyambo a ƙafa, ko maruru, ko ruɓaɓɓen haƙori, a yi maganinsa da wuri, saboda ƙwayar cuta tana bin jini ta sauka a kan ƙarfe ko da bayan shekaru ne.